Waiwaye: Kaset, Taswira da Gwangwanin Kifi

A farkon 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka, Zell Miller, ya nemi majalisar jiharsa ta ware dala 105,000 a kasafin kuɗi domin a riƙa bai wa kowace maijego faifan kiɗan Turawa na dauri, irin na su Mozart, ta tafi da shi gida ta riƙa kunna wa jinjiri. Wai kiɗan yana buɗe ƙwaƙwalwa. Tushen maganar wani ɗan gajeren rahoto ne da ya fito a mujallar Nature a 1993, inda Frances Rauscher da abokan aikinta suka sa ɗaliban jami'a 36 suka saurari Mozart na minti 10, sannan aka gwada su da tambayoyin siffofi. Sun ɗan taɓuka fiye da yadda suka saba, amma kafin minti 15 abin ya gushe. Ko jariri ɗaya babu a cikin gwajin. Duk da haka 'yan kasuwa suka ɗauki zancen suka yi ta ciniki da shi shekara da shekaru, domin iyaye a ko'ina suke suna son abin da za a ɗura wa yaro ya tashi da basira ba tare da kowa ya sha wahala ba.

Ni kuwa abin da na gani da idona ya sha bamban da wannan. Na ga kiɗan ƙasashe masu nisa ya koya wa yaran ƙauye labarin ƙasa da lissafi da kimiyya, amma ba ta hanyar jiƙa su a cikin sauti ba. Kiɗan tambaya yake haifarwa a bakin yaro, kuma sai an sami babban da zai bi tambayar nan tare da shi har inda ta nufa.

Mu 'yan UPE ne, wato shirin ilmin firamare kyauta da gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na 1976. Yaran da suka fito sun zarce lissafin gwamnati nesa ba kusa ba, shi ya sa da yawanmu a gindin darbejiya muka fara karatu, allo jingine da kututture. Sa'ar da ajinmu ya yi ita ce malamin da ya karɓe mu a aji uku. Saurayi ne da bai daɗe da gama kwalejin horon malamai ba, kuma kamar sauran ma'aikatan zamanin, kuɗin ƙarin albashi na Udoji na 1975 ne suka saya masa abin da ya fi ƙauna a duniya, wata rakoda mai rediyo da ya ɗinka wa riga ta fata. Da dare yakan zauna yana murɗa gajeren zango, duk tashar da ya ji kiɗan da bai sani ba sai ya danna ya naɗa. Lokacin ma ya taimake shi, don a watan Janairu da Fabrairu na 1977 aka yi bikin al'adu na FESTAC a Legas, da hawan daba a Kaduna, gidajen rediyo suka cika da muryoyin baƙi irin su Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu da Franco na Zayar da Gilberto Gil na Barazil.

A jadawalin makaranta akwai darasin waƙa ranar Juma'a kafin a tashi. Sauran azuzuwa suna can suna rera waƙoƙin Turanci da ko malaman ba su damu da ma'anarsu ba, mu kuwa Malam zai ɗora rakoda a kan tebur, ya rataye taswirar duniya da ta sha ɗauri da salatif, ya ce, “Kowa ya rufe ido.” In kiɗan ya ɗan yi nisa sai ya kashe, saboda batir, ya ce, “To, ku yara, mutum nawa kuka ji? Me suke kaɗawa? Biki suke yi ko makoki?” Ba ya faɗin sunan ƙasar sai mun gaji da canka.

Ranar da ta fi zauna mini ita ce ranar da ya kunna wata waƙar Sudan. Kafin ya kashe, wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, wannan ai irin waƙar da Hajiyarmu take yi ce in tana kaɗi.” Aka bushe da dariya. Malam bai yi dariya ba, ya tambaye ta ko Hajiya ta taɓa zuwa gabas. Ta ce ai a can aka haife ta, a hanyar Makka. Nan take ya ba mu aikin gida: kowa ya je ya tambayi tsofaffin gidansu ko akwai wanda ya taɓa tafiya hajji a ƙasa, kuma ta waɗanne garuruwa ya bi. Ranar Litinin muka dawo da sunaye cike da baki: Maiduguri, Fallomi (wato Fort Lamy, wadda aka mayar Injamena a 1973), Jinena, Fashir, Hartum, Sawakin, Jidda. Malam ya ɗauko zare ya bi garuruwan a kan taswira, ya gwada tsawon zaren da ma'aunin da ke ƙasan taswirar, ya ce mu raba nisan da abin da mutum zai iya takawa a yini. Lissafi ya ba mu 'yan watanni. Tsofaffi kuwa sun ce shekara bakwai, shekara goma, wasu ma ba su dawo ba. “To wa ya yi ƙarya,” in ji Malam, “lissafi ko kakanninku?”

Babu wanda ya yi ƙarya. Matafiyan sukan tsaya su yi noma, su yi ƙwadago, su tara guzuri, kuma da yawansu sun yi aiki a gonakin auduga na Jazira da aka buɗe bayan kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Wasu kuma dama ba su tafi da niyyar dawowa ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu, garin da suka kafa yana nan da sunansa har yau. Daga cikin zuriyar irin waɗannan matafiya aka sami Aisha Falatiya, macen da ta fara waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, wadda ta rasu a 1974. Sai da na girma na san dalilin da ya sa kunnen yarinyar nan bai yaudare ta ba: yawancin waƙoƙin Sudan a kan matakan sauti biyar ake gina su, haka ma da yawa daga cikin namu, da na Habasha, har da na Sin. A lokacin dai abin da muka sani shi ne taswirar nan ta bango ta daina zama zanen launuka, ta koma wurin da ƙafafun kakanninmu suka taka.

Lissafi kuwa ta ƙofar Indiya ya shigo. Tun shekarun 1950 da 'yan kasuwar Labanan suka fara kawo finafinan Indiya gidajen siliman Arewa, muryar Lata Mangeshkar da ta Mohammed Rafi ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe, don haka a nan ba sai an yi canke ba. Abin da Malam ya sa mu yi shi ne ƙirga bugun 'yan gangunan nan da ake kira tabla har mu gano inda kiɗan ke komawa farko. A wata waƙar mu sami takwas, a wata shida. Masu wannan sana'a a Indiya suna da zagaye iri-iri da suka sa wa suna: tintal bugu 16 ne kashi huɗu-huɗu, rupak bugu 7 ne, uku da biyu da biyu, kuma almajirin kiɗa da baki yake haddace su kafin a bar shi ya taɓa fata.

Daga nan Malam ya ƙirƙiro wasan da muka fi so. Yana bugun tebur da rula a hankali, layin dama su tafa a kowane bugu na biyu, layin hagu a kowane na uku. Da fari hargitsi ne zalla. Can sai a ji tafin duka ya faɗi tare, ya sake watsewa, ya sake haɗuwa. Ya ce mu gano a bugu na nawa ake haɗuwa. Shida. Ya mayar da shi uku da huɗu. 'Yan mata suka bar mu a baya, don su kullum dare a dandali suke suna gaɗa, tafi biyu masu saɓani ba ya rikita su. Amma wanda ya ba kowa mamaki wani yaro ne ɗan gidan mahauta da ke zama a can baya, wanda bulalar lissafi ta gama sabawa da jikinsa. Kafin a tafa ko sau ɗaya ya ce, “Sha biyu, Malam.” Aka ce huɗu da shida fa? Ya ɗan karkata kai, yatsunsa na motsi a kan cinya, ya ce, “Sha biyu dai.” Yawancin aji sun ce ashirin da huɗu. Aka tafa, aka haɗu a sha biyu. Yaron nan a cikin kiɗan kalangu ya buɗe ido, kowace ranar kasuwa yana jin sa a bakin rumfar fawa. Lokacin da darasin ƙaramar lambar da lambobi biyu ke haɗuwa a kanta ya iso a littafi, a wani ajin can gaba, mu mun riga mun san shi a tafin hannu, suna kawai aka gaya mana.

Ba na so a ɗauka ina cewa tafi ya mayar da shi masanin lissafi. Rabawa mai tsawo ta ci gaba da ba shi wuya kamar da. Abin da ya sauya shi ne Malam ya daina kallonsa a matsayin daƙiƙi, shi ma ya daina kallon kansa haka, ya dawo layin tsakiya.

Kimiyya da gwangwanin kifi ta zo. A shekarun nan Ɗan Maraya Jos yana tashe, kowa ya san kuntiginsa gwangwani ne da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya ɗaya tak. Malam ya ce in mutum ɗaya zai iya cika rediyo da gwangwani, mu ma za mu gwada. Aka samo gwangwanin, wani ya kawo guntun fatar akuya daga majema, mai gyaran keke ya ba mu silin wayar birki. Da aka ɗaure aka ɗame, Malam ya auna tsawon wayar da rula, ya sa alli a daidai tsakiya. Ya kaɗa ta a sake, muka saurara. Ya danne tsakiyar ya sake kaɗawa. Wata yarinya ta ce, “Malam, ƙanwar waccan ce.” Har gobe ban ji bayanin da ya fi wannan ba. Murya ɗaya ce, sai dai ta biyun ta fi siranta, domin rabin tsirkiya yana karkarwa ninki biyu na cikakkiya. Girkawan da suna jingina gano wannan ga Fisagoras tun ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Alfarabi, wanda ya rasu wajen 950, ya rubuta babban littafi a kan kiɗa yana auna tsirkiyoyin udu da irin wannan lissafin. A tsarin karatun mutanen da, kiɗa a sahun lissafi da ilmin taurari yake zaune.

Da zarar yaro ya gane cewa tsawo da ɗamewa da kauri su ke sauya sauti, ya sami mabuɗin kayan kiɗan duniya kaf. Zai gane abin da ya sa makaɗi ke matse tsirkiyoyin kalangu a hammata. Zai gane kora ta Mali da Gambiya mai tsirkiya 21, kowace da tsawonta. Zai gane abin da mutanen Tirinidad suka yi bayan Turawan mulki sun hana su ganga a shekarun 1880: suka koma bugun gora, daga bisani, a shekarun 1940, suka ɗauki durom ɗin mai suka lotsa gindinsa gida-gida, babban lotsi ya ba da murya mai kauri, ƙarami siririya. Zai kuma ga cewa algaitar da ake busa wa sarki tana da dangi a Maroko da Turkiyya da Indiya da Sin, duk bututu ne mai 'yar tsinke biyu a baki, ya tambayi ta wace hanya ta iso mu. Tarihin Kano ya lissafa abokin busarta, kakaki, a cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya fara, shi kuwa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, zamanin da ayari ke kai da kawo tsakanin Kano da Arewacin Afirka.

Ba a bar Malam ya sha ruwa da sanyi ba. Labari ya isa gidaje cewa ana kaɗe-kaɗe a aji uku, wasu dattawa suka yi takakkiya har ofishin hedimasta. Wanda ya yi magana da yawunsu ya ce, “Ranka ya daɗe, boko muka yarda a koya musu, ba roƙo ba.” Damuwa biyu ce a cikin wannan jimla, kuma ba daidai ba ne a cakuɗa su. Ɗaya ta addini ce, don malamai sun daɗe da saɓani a kan kayan kiɗa, kuma uba yana da haƙƙin bin fatawar da ya natsu da ita. Ɗayar ta asali ce: a ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce da ake jin daɗinta amma ake raina mai yin ta. Mutum zai yi wa Mamman Shata kari da babbar riga, gobe ya hana ɗan makaɗi auren 'yarsa. Ta farkon ina girmama ta. Ta biyun ban ga abin girmamawa a cikinta ba, ko da yake Jami'ar Ahmadu Bello da ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988 ba ta iya kankare ta ba.

Malam bai ja da su ba. Ya rage kaset, ya ajiye kuntigi a gida, ya ƙara murya da tafi. Ya kuma tunatar da dattawan abin da suka fi shi sani, cewa karatun zaure kansa a kan kari yake tafiya. Yaran Islamiyya da rerawa suke haddace Tuhfatul Aɗfal, ƙa'idojin tajwidi a waƙe. Ɗaliban nahawu da Alfiyar Ibn Malik suke kwana, baiti kusan 1,000. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙoƙin Hausa da Fulatanci ta karantar da matan karkara ta hannun jajojinta na 'Yan Taru. Ma'aunan da duk waɗannan ke hawa kuwa baƙi ne da suka zama 'yan gida, don Halilu ɗan Ahmadu na Basra ne ya tsara ilmin aruli a ƙarni na takwas, har ana ba da labarin wai amon gudumar maƙera a kasuwa ne ya fara jawo hankalinsa. Mu dai abin da muka ci riba da shi daga wannan sulhu shi ne tafa gaɓoɓin kalma, mai nauyi da marar nauyi. Rubutun Hausa na boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya, mai karatu ne ke cika su da kunnensa. Yaron da aka horar da kunnensa ya ji dogo da gajere, sama da ƙasa, yana karatu da ƙarfi ba ya tuntuɓe a inda wasu ke tuntuɓe.

Masu bincike fa, me suka gano? Ƙasa da abin da masu tallar faifai ke faɗa, amma abin da suka gano ɗin yana da nauyi. A 2004 Glenn Schellenberg ya raba yara 144 'yan shekara shida a Toronto gida huɗu: masu koyon kiɗa da yatsu, masu koyon rerawa, masu wasan kwaikwayo, da waɗanda ba a ba komai ba. Bayan shekarar karatu guda, 'yan kiɗa da waƙa sun ɗara sauran da kusan maki uku a gwajin basira, 'yan wasan kwaikwayo kuma suka fi kowa gyaruwa wajen zama da mutane. A 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara bincike 54 da suka shafi yara kusan 7,000, suka ce in an tsaurara ƙa'idar gwaji, ribar da ake cewa darasin kiɗa na kawo wa lissafi da karatu kai tsaye kusan babu ita. Har yanzu ana jayayya a kan wannan, ni kuwa bai tayar mini da hankali ba, don ya dace da abin da na gani. Kiɗa ba allurar rigakafin daƙiƙanci ba ce. Ba tafin ne ya shiga kanmu ya zama lissafi ba, Malam ne ya ɗauke mu daga tafin ya kai mu ga lambar.

Binciken da ya fi jan hankalina shi ne na Erin Hannon da Sandra Trehub na 2005. Sun kunna wa jarirai 'yan wata shida a Arewacin Amurka kiɗan yankin Balkan, irin na Bulgeriya da Masedoniya, mai bugu marar daidaito da kunnen Ba'amurke bai saba da shi ba. In aka ɓata karin, jariran suna lura, ko a kiɗan gida ko a na waje. Manya kuwa a na gida kawai suke lura. 'Yan wata goma sha biyu sun riga sun fara zama kamar manya, amma da aka riƙa kunna musu baƙon kiɗan a gida na mako biyu sai kunnen ya sake buɗewa, abin da bai faru ga manyan ba. Ashe kunne da wuri yake zaɓar gida ya rufe ƙofa. A Kambirij kuma Usha Goswami ta daɗe tana nuna alaƙa tsakanin wahalar da wasu yara ke sha wajen bin kari da wahalar da suke sha wajen koyon karatu. Uwar da ke yi wa goyonta waƙar reno tana jijjiga shi, da yarinyar da ke lugude a turmi, suna cikin wannan aikin tun kafin a rubuta shi a mujalla.

A nan ne nake ganin manhajarmu ta yi tuya ta manta da albasa. Zoltán Kodály na ƙasar Hangare, wanda ya fara yawo ƙauyuka yana naɗar waƙoƙin manoma a 1905, ya tsaya a kan cewa yaro ya fara da waƙoƙin harshen uwarsa, daga nan ya miƙa zuwa na maƙwabta, sannan na nesa. A kan wannan aka buɗe makarantar firamare mai rera waƙa kullum a garinsa, Kecskemét, a 1950. Haka Malam ya yi ba tare da ya taɓa jin sunan mutumin ba: waƙar Sudan ta yi mana ma'ana ne saboda akwai waƙar kaɗin Hajiya da za a auna ta da ita. Yau akwai darasin al'adu da fasaha a firamare, amma ku leƙa littafin rubutun yaranku. Za ku tarar da ma'anar kiɗa an kwafa daga allo, da jerin sunayen kayan kiɗan Turawa da yaron bai taɓa jin amonsu ba, za a kuma tambaye shi su a jarrabawa. Yaron nan bai san bambancin goge da kukuma ba, bai san garaya ta maharba ce, dundufa ta maƙera ba, bai taɓa ganin shantu ba. Darasin waƙa ne da ba a jin sauti a cikinsa.

Abin takaicin shi ne kayan aikin ba su taɓa yin araha kamar yanzu ba. Abin da Malam ke raba dare yana farauta a cikin shuuu ɗin gajeren zango, yau yana cikin wayar kowane malami, da hoto ma, yaro zai ga yatsun Toumani Diabaté a kan kora, ya ga Ali Farka Touré na Niyafunke da jitarsa. Sai dai wayar abin da ka saurara jiya take ƙara turo maka, shi ya sa yaron da duniya ke cikin aljihun babansa yake tashi da kiɗa iri guda na kwamfuta a kunne daga safe har dare. Da yawan malamai kuma tsoron tambaya suke, don in ka kunna abin da ba ya cikin littafi, za a tambaye ka abin da ba ya cikin littafi.

Tsoron yana da dalili, domin ba kowace tambaya ce ke kaiwa ga zare da taswira da dariya ba. A ce malami ya kunna wa 'yan aji huɗu kiɗan Ginawa na Maroko, wanda ake yi wa biki a Essaouira tun 1998, UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon duniya a 2019, ko ɗan'uwansa Sitambali na Tunis. Yara za su ga wani abu mai tsirkiya uku da fata, su ce ai molo ne. In sun kasa kunne da kyau, a waƙoƙin Sitambali za su tsinci kalmomin Hausa da na Barebari a bakin mutanen da ba su jin ko ɗaya daga cikin harsunan. Ko a nuna musu banjo na Amurka kusa da gurmi da akontin na Jolawan Senegal da Gambiya, su ga ƙira ɗaya. Ko a ce musu a Bahiya ta Barazil, jihar su Gilberto Gil, Hausawa sun shirya tawaye a 1807, kuma Musulmin Afirka sun sake tashi a 1835. Dole wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, su ma hajji suka tafi?”

Ba hajji suka tafi ba. A ɗaure aka tafi da su, wasu ta teku, wasu ta Sahara, kuma Tunis ba ta haramta bauta ba sai 1846. An cire tarihi daga manhajar firamare ta Nijeriya wajen 2009, aka shafe fiye da shekara goma kafin a maido da shi, don haka akwai malamai a aji yau da su kansu ba a taɓa gaya musu wannan ba. Yaron kuma ba zai tsaya nan ba, zai tambayi wanda ya kama su da wanda ya sayar. Hanyar da aka bi da na Sahara ta ratsa Agadas da Gat da Gadamas, kuma daga kasuwanninmu ta tashi, har da Kurmi ta Kano.